Bangon ɗakin ƙasa ya tsage: filasta ta isa, ko sai an taɓa fandesho?

Abban_Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gini. Gidanmu na gado ne a Unguwar Rogo, cikin Jos. Marigayi mahaifinmu a kan gangare ya gina shi, don haka ta gaba hawa ɗaya ne, ta baya kuma akwai ɗakuna biyu a ƙasa, rabinsu a binne. Da can sito ne, yanzu ƙanena ke kwana a ɗaya. Tun daminar bara muka ga bangon kusurwar baya ya tsage, daga gefen taga tsagar ta tafi a karkace tana bin layin bulo kamar matakala. Da rani muka sa aka shafe ta da siminti. Bana ruwan Yuli na kankama ta sake buɗewa a daidai wurin, har ta fi ta da. Ƙofar ɗakin ma sai an sa kafaɗa take rufuwa. Wani birkila ya duba ya ce fandesho ne ya zauna, sai an haƙa ƙarƙashinsa an zuba kankare, kuma da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wuri na zauna. Wani ya ce neman kuɗi ne kawai, a fasa wurin a sa waya a sake filasta. To ta yaya mutum zai gane gininsa ya kai a taɓa masa fandesho?

Ɗan_Gangare:
Wa alaikumussalam. Malam, nuna mini gida ɗaya a Jos da ba shi da tsaga. Da dare sanyi kamar ƙanƙara, da rana zafi, dole siminti ya dare. Ka shafe abinka ka yi barci. Ƙofa kuwa ai kowace damina katako kumbura yake yi.

Birkila_Danladi:
Ɗan Gangare, kada ka sa bawan Allah ya yi barcin da ba a tashi. Tsaga iri-iri ce. Akwai ta filasta, siririya kamar gashi, ta yi nan ta yi can kamar tafin ƙafar da hunturu ya fasa. Wannan ba komai, ko an yi wa filastar rowar ruwa ne ko rana ta buge ta tana ɗanya. Amma wadda ke bin layin bulo a karkace, kuma an toshe ta ta dawo, wannan magana take yi.

Abban Walid, ka ɗauki guduma da kurfi ka ɓare filastar wurin kamar faɗin tafin hannu biyu. Ka duba ko bulon kansa ya rabu. Sannan ka zagaya waje ka ga ko tsagar ta fito ta can a daidai wurin. In ta ratsa bango ciki da waje, to ba aikin mai fenti ba ne. Ka gwada kuma da tsinken ashana, da bakin biro, da ɗan yatsanka, sama da ƙasa, ka faɗa mana wanne ya shiga a ina.

Ummu_Haidar:
Ni dai kafin a gama gwaje-gwajen nan a fitar da yaron nan daga ɗakin don Allah.

Injiniya_Bukuru:
Abin da Oga Danladi ya faɗa daidai ne, bari in ɗora. Aikin da birkilanka na farko yake nufi shi muke kira andafinin, wato a yi wa tsohon fandesho ƙarin ƙafa ta ƙasa har a kai shi kan ƙasa mai ƙarfi ko kan dutse. Aiki ne na ƙarshe, ba na farko ba, kuma faɗin tsaga kaɗai ba ya sa a yanke hukuncin yin sa.

Akwai ma'aunin da hukumar binciken gini ta Ingila ta fitar, mu ma da shi muke aiki. Tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba yawanci toshewa ce maganinta. Daga 5 zuwa 15 an fara shiga gyara na gaske, a nan ne ƙofofi da tagogi ke fara cijewa. Daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashen bangon an sake. Abin da ya haura 25, wato inci ɗaya, ginin kansa ne ke cikin haɗari. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne: har yanzu tana tafiya ko ta tsaya? Na sha shiga gidan da tsagarsa ta kai a zura yatsa, amma shekara ashirin ba ta ƙara ko gashi ba, gini ya zauna tun yana sabo ya gama zamansa. Na kuma ga ta milimita 3 wadda duk wata sai ta ƙaru. Ta biyun ce ke hana ni barci.

Ga gwaji mai arha. Ka sami ɗan siririn gilashi, tsawon yatsa, ka ɗora shi a gicciye kan tsagar, ka manne bakinsa biyu da siminti a jikin bulo, ba a jikin filasta ba. Ka rubuta kwanan wata a gefe da fensir. Ka ja layi a inda tsagar ta ƙare sama da ƙasa. In bango ya motsa gilashin zai fashe, in ta ƙara tsawo za ta wuce layinka. Don ƙasan ɗaki kuma, tiyon ruwan nan da birkiloli ke ɗaukar lebur da shi ya isa ya nuna maka ko wata kusurwa ta fi sauran sauka.

Sadiq_FarinGada:
Injiniya, wannan dabarar gilashin ta burge ni wallahi. Gobe zan yi wa katangarmu.

Maman_Ilham:
Ni ba injiniya ba ce amma abin ya taɓa cin mu a Tudun Wada. Bangon kicin ya tsage, tayil ɗin ƙasa suka fara ƙara kamar ganga in an taka, har biyu suka ɗago. Maigidan ya riga ya fara neman rance don a haƙa fandesho. Ni ce na lura akwai wani wuri a bayan kicin da ciyawa ba ta bushewa ko a watan Fabrairu, kore shar, alhali ko'ina ya bushe ƙurmus. Aka tona, ashe bututun da ke kai ruwan wanke-wanke sokawe ne ya tsage, Allah kaɗai ya san shekara nawa yana tsiyaya a gindin bango. Aka canja bututu, aka cike ramin aka daddaɓe, muka jira shekara guda kafin a toshe tsagar. Yau shekara huɗu ba ta dawo ba. Don haka Abban Walid ka fara neman inda ruwa ke shiga.

Baba_Mai_Kuza:
Yara, ku bar ni in sa baki. Ni a Sabon Gidan Kanar aka haife ni, mahaifina lebura ne a kamfanin kuza. Ƙasar nan da kuke gani ta Jos da Bukuru da Barikin Ladi, tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara juya ta. Tafkunan nan da kuke zuwa ɗaukar hoto a Rayfield ba Allah ya yi su haka ba, ramukan kuza ne ruwa ya cika. Waɗanda kuke gani ke nan. Akwai waɗanda aka mayar da ƙasa aka cike, aka dasa bishiyar turare a kai, yau an sare turaren an yanka filaye ana sayarwa. Mai saye ya zo ya ga fili shimfiɗe ya ce ya yi sa'a babu dutsen fasawa. Bai san ciko ba ne, kuma ciko ko ya shekara hamsin ba ya zama kamar ƙasar da ba a taɓa ba. Ga kuma ramukan loto, a haƙa kamar rijiya a kai ƙasa sannan a yi gefe ana bin kuza. Bakin ramin ya toshe, cikinsa na nan a buɗe.

Duk wanda zai sayi fili a wajajen nan ya nemi tsohon unguwa ya tambaye shi me ke wurin a da. Goron da zai ba shi bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Ɗan_Gangare:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma shi gidansu Unguwar Rogo ne, ba Bukuru ba. Can matsalar rafi ce da gangare. Ku tuna ambaliyar Yulin 2012, yadda ta yi da Rikkos da Gangare da Unguwar Rogon. Gidaje da yawa da ba su faɗi ba a lokacin ruwa ya kwashe musu ƙasa ta gindi.

Baba_Mai_Kuza:
Ka ga ashe kai ma ka san ba kowace tsaga ake shafewa a yi barci ba.

Abban_Walid:
Na gode ƙwarai jama'a. Na yi abin da Oga Danladi ya ce. Bulon kansa ya rabu, guda biyu ma a tsakiya suka fashe, kuma ana ganin tsagar ta waje. Ta sama biro na shiga har rabinsa, ta ƙasa tsinken ashana ne kawai. Ƙofar kuma ta ƙarfe ce, ba katako ba, don haka ba kumburi ba ne. Abin da ban faɗa ba tun farko: shekara biyu da suka wuce maƙwabcinmu na ƙasa ya daidaita filinsa zai yi gini, ya yanke gangaren har kusa da bangonmu, bai fi taku uku ba. Ruwan kwanon gidanmu ma ta nan yake zuba, babu indararo babu kwata. Sannan babban yayanmu yana so a cire rufi a yi dekin a ɗora ɗakuna don haya. Na manna gilashin yau.

Birkila_Danladi:
Dekin?! A kan wannan? Ka ce wa Yaya ya yi haƙuri. Jakin da ke ɗingishi ba a ƙara masa mangala.

Injiniya_Bukuru:
Faɗi ta sama, ƙunci ta ƙasa, a kusa da kusurwa: alamar kusurwar ce ke sauka tana janye kanta daga sauran ginin. Ga kuma dalilai biyu a fili, an cire ƙasar da ke tokare ta, ana kuma jiƙa sauran kullum. Wannan ya fi kama da irin wanda ake yi wa ƙarin ƙafa, amma ba zan yanke ta waya ba. A tona ɗan rami a waje a jikin kusurwar, kamar mita ɗaya faɗi, a bi bango har a ga gindin fandesho: zurfinsa nawa, kaurin kankarensa nawa, a kan wace irin ƙasa ya zauna. Kada a shiga ƙarƙashinsa, a tsaya a gefe. A duba a mayar a rana ɗaya, kada ruwa ya same shi a buɗe.

Maganar bene kuma, ko ginin lafiyarsa ƙalau, ƙara hawa na cikin dalilan da ke sa a ƙarfafa fandesho, domin wanda aka yi don hawa ɗaya ba a auna shi da nauyin biyu ba.

Hajiya_DogonDutse:
Injiniya ka yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ma ina da ɗakin ƙasa, amma tsagar tawa a kwance take, miƙe sambal a tsakiyar bangon da ke jingine da tudu. Bangon kullum a jiƙe, fenti na ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa na fitowa. In ka tsaya a gefe ka hango shi sai ka ga kamar ya yi ciki. Ni ma ƙafar za a ƙara?

Injiniya_Bukuru:
Hajiya, taki daban ce, kuma kada ki bari a karɓi kuɗinki a haƙa ƙasa. Naki bangon ba sauka yake yi ba, turo shi ake yi. Ƙasar bayansa ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan ba shi da mafita, sai yana danno bangon zuwa cikin ɗaki. Bulo mai inci 9 da ba a cika shi da kankare da rodi ba ba ya jure wannan. Ko an zuba tirela guda ta kankare a ƙarƙashinsa turin na nan. Maganinsa ta baya ne: a tone, a shafa abin hana ruwa, a sa bututu mai huji-huji a gindi a rufe da tsakuwa don ruwa ya sami hanya, sannan a ƙarfafa bangon ko a sake shi. Tunda har ya yi ciki, kada ki jira wani gilashi, ki kira a gani da ido cikin makon nan, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin.

Hajiya_DogonDutse:
Innalillahi. Buhunan masara ne a ciki da injin markaɗe. Gobe za a kwashe. Allah ya saka da alheri.

Auwal_Dilimi:
Ni fa abin da ke ba ni haushi, komai a ce injiniya, injiniya. Kakanninmu da suka gina gidajen cikin gari wane injiniya suka kira? Mutum ya zo da farar hula ya zagaya gida minti goma ya karɓi kuɗin da birkila zai yi sati bai samu ba.

Ummu_Haidar:
Malam Auwal, kakanninmu ba su ɗora dekin a kan ginin laka ba. Ka manta makarantar da ta rufta a Busa Buji ranar 12 ga Yulin 2024? Rai 22, yawancinsu yara 'yan makaranta. Tun ranar ni ba na wasa da maganar gini.

Birkila_Danladi:
Auwal, ni birkila ne amma a wannan aikin ba na shiga sai da takardar injiniya, kuma zan faɗa maka dalili. Ina yaro ina bin wani maigidana, aka kira mu wani gida a yi wa bango ɗaya ƙarin ƙafa. Mai gida na gaggawa, maigidana na son ya gama ya karɓi kuɗi, sai ya sa lebura huɗu suka tone ƙarƙashin bangon gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, wai gobe a zuba kankare sau ɗaya. Muka tashi cin abinci. Ina riƙe da kwanon gwate na ji wani ƙas ƙas kamar ana taka busasshen kara, ƙura ta fara zubowa daga linta, kafin mu miƙe bangon ya zauna cikin ramin, rufi ya biyo shi. Shebur ɗina har yau yana ƙarƙashin wurin. Da minti goma aka ƙara ana aiki da da mutane a ciki.

Yadda ake yi, kashi-kashi ne. A raba tsawon bangon kamar mita ɗaya-ɗaya, a sa musu lamba. A tona na 1 a tsallake biyu ko uku a tona wani, ba a taɓa buɗe biyu da ke jikin juna a lokaci guda. A sauka har a sami ƙasar da diga ke tsalle a kanta. A zuba kankare, amma ba a kai shi ya taɓa tsohon fandesho, a bar kamar inci 2 ko 3. In ya kwana ya kama, sai a kwaɓa siminti da yashi da ɗan ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula a hannu zai tsaya bai jiƙa maka tafi ba, a riƙa cusawa a tsakanin ana dannawa da katako da guduma har ya ƙi shiga. Wannan cusawar ita ce aikin. In an yi ta da ha'inci ginin zai sake sauka ya cike gurbin, an yi asarar kuɗi ke nan. Sai wannan ya yi ƙarfi a koma na kusa da shi. Shi ya sa aikin ke cin makonni, shi ya sa yake da tsada. Duk wanda ya ce zai gama maka a kwana uku, ka raka shi bakin ƙofa.

Auwal_Dilimi:
To ai ga shi kai ma ka iya, me injiniyan zai ƙara?

Injiniya_Bukuru:
Zurfin da za a kai, faɗin ƙafar, da ko ma ana bukatar aikin. Wani lokacin kuɗin da ka ba ni na in ce maka kada ka yi ne. Wanda zai kira dai ya tabbatar mai rajista da COREN ne, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma ɓangaren gini ya karanta, don ba duk mai farar hula ba ne. Maganar ƙara bene kuma sai da izinin JMDB, hukumar raya birnin Jos.

Talatu_AngloJos:
Tunda an zo nan, masu neman sayen gida ku ji. Kada ku je duba gida a watan Janairu an yi masa sabon fenti. Ku je a watan Agusta ana tsakiyar ruwa, ku buɗe kowace ƙofa ku rufe, ku leƙa bayan labule da bayan kabad. Mu da muka kama haya, sai da aka janye wata tsohuwar kalanda muka ga abin da take rufewa.

Sadiq_FarinGada:
Abban Walid, ni da ni ne, gidan gado ne, a shafe a yi fenti a sayar a raba kowa ya huta. Gyaran nan wa zai biya? Kowa zai ce ba shi ke kwana a ɗakin ba.

Malam_Rikkos:
Sadiq, ka ji tsoron Allah. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, balle aibin da zai iya kashe mutum. In za su sayar su nuna wa mai saye tsagar, ya saya da saninsa a kan farashin da ya dace. In za su gyara, kowane magaji ya kawo gwargwadon kasonsa. Maƙwabcin da ya yanke gangaren shi ma a zauna da shi a gaban mai unguwa, cikin lalama, don ginin kariya, wato bangon da zai tare ƙasa, a kan iyakar nan amfaninsu ne su biyu. In kusurwar ta tafi, a tsakar gidansa za ta sauka.

Sadiq_FarinGada:
Wasa nake yi Malam, a yi mini afuwa.

Abban_Walid:
Salam jama'a, na dawo da labari bayan kwana goma sha shida. Gilashin ya fashe a rana ta goma sha ɗaya, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Mun tona ramin kamar yadda Injiniya ya ce. A wannan kusurwar fandeshon bai fi ƙafa biyu a cikin ƙasa ba, kuma ba kan dutse yake ba kamar ta gaba, kan jar ƙasa ce mai laushi, in ka matsa ta a hannu ruwa na fitowa. Muka kuma tarar da abin da Maman Ilham ta faɗa: bututun banɗakin sama ya rabu a gwiwa, a nan yake zuba. An gyara shi, an sa indararo, an yi kwatar siminti ta kai ruwan titi. Wani injiniya ya zo ya gani, ya sa aka tokare kusurwar da katako, ya ce a sa sabon gilashi a ci gaba da aunawa.

Maman_Ilham:
Ka gani ko! Ni na san ruwa ne. In sha Allahu shi ke nan, ba sai an haƙa ba.

Birkila_Danladi:
Maman Ilham, naku ba a yanke muku gangare ba. Ƙafa biyu a kan jar ƙasa, ga rami a taku uku? Ni a ganina kusurwar nan sai ta sha kankare, ko da kashi uku ne ko huɗu. A bari dai ruwa ya ɗauke, Nuwamba ko Disamba.

Injiniya_Bukuru:
Duka biyun na iya yiwuwa. Ƙasar da ta jiƙe tana ɗaukar watanni kafin ta tsane, kuma tana tsanewa ma ginin zai ɗan motsa, don haka ko gilashi na biyu ya fashe a makonnin farko kada a firgita, a riƙa auna faɗin da rula duk sati ana rubutawa. In lambar ta tsaya, ginin kariya a kan iyaka na iya wadatarwa. In tana hawa har cikin rani, maganar Oga Danladi ce.

Ɗan_Gangare:
Na janye maganar barci. Amma har yanzu ina nan kan bakana, tsaga tara cikin goma a garin nan ta filasta ce.

Ummu_Haidar:
Yaron fa, ya bar ɗakin?

Abban_Walid:
Ya bari, da ƙyar, wai ɗakin ya fi ko'ina ɗumi. Yanzu a falo yake kwana yana mita. Yaya kuma ya ce maganar dekin an ɗage ta ne, ba a fasa ba. Oga Danladi, in ka sami lokaci ranar Asabar ka zo ka ba shi labarin shebur ɗin nan da bakinka.